Hannuwan Nnalongo da Zaren Ayaba

Shekara ashirin da biyu ina sayar da ayabar dafawa a bakin shagon Nnalongo Nabbosa a Nyendo, ban taɓa ganin mace mai tambaya irinta ba. Kitso take yi, amma kanki na hannunta bakinta na aiki: me ya sa gashin wance ke karyewa, ina ake haɗa man nan, wa ya ce haka?

Kwatsam hannuwanta suka soma tsagewa. Likita ya ce jikinta ne ya ƙi sinadarin da ke jikin gashin roba, ko ta bar taɓa shi ko yatsun su lalace. To yau wace mace ce za ta zauna kitso ba ƙari? Ta gwada safar hannu, kitson ya fito kamar na 'yar koyo. Wallahi na tsorata, don matar nan ba ta da wata sana'a.

Cikin masu zuwa mata kitso akwai Dokta Nansikombi, malamar jami'a a Kampala. Ita ta zo da wani ƙunshi, wai gashi ne da suka fitar daga kututturen ayaba, wanda muke yarwa bayan an sare nonon 'ya'yan. Wani ƙaramin kamfani na so ya sayar, amma ba a samu mai kitson da ta gwada ba.

Na ce, "Ayaba a ka? Haba Dokta, ai awaki za su raka mutum har gida!"

Nnalongo ko kallona ba ta yi ba. Ta sansana, ta ciza, ta murɗa, zaren ya ce ɓas.

"Dokta, wannan tsintsiya ce. Koma da shi."

Sau shida ƙunshi na zuwa a motar haya yana komawa. Na bakwan ta kitsa wa kanta. Bayan mako guda ta leƙo ta ce, "Ke Nakimera, taɓa nan. Yanzu taɓa ƙeya. Me ya sa gaban ya yi laushi, bayan yana nan ƙiƙam?"

Ni ina na sani? Kwana uku tana damun kowa, sai da ta sunkuya buɗe tukunyar matooke, wato dafaffiyar ayabarmu, tururi ya buge ta a goshi. Da hannu duk toka ta kira waya.

"Dokta, a ɗakin binciken nan naku wa ke girki?"

"Girki kuma, Nnalongo? Ba a ko cin abinci a ciki."

"Shi ya sa! Tururi ne ke sa shi laushi!"

Ran Asabar sai ga Dokta da ma'aunin zafi, ta durƙusa gaban murhu tana rubutu, hayaƙi na sa ta hawaye. Ta ce tururi kawai bai isa hujja ba, sai sun maimaita a can. Wata biyar suka ɗauka, Nnalongo na zaune ba aiki, tana ramewa.

Da ƙunshin kamfanin ya iso, ba wadda ta yarda a fara da kanta, sai ni. Awa bakwai tana yi min kitso, ba safa. Da ta gama ta ɗauki lemon tsami a tirena, ta yanka, ta matse shi a kan yatsunta ɗaya bayan ɗaya, har tsakankani, don a gane ko akwai inda ya tsage. Muka zuba ido muna jiran ta yi ƙara. Ba inda ya yi mata zafi. Ta zauna kan buhuna ta yi kuka sosai, ni ma na taya ta. Can ta share fuska da zani ta dubi matan da suka taru.

"Wa ke biye?"