Sadiatu da Faifan da Ba Ya Jira

Duk wanda ya san Yaya Sadiatu a Gaithersburg, da aikin kula da tsofaffi ya san ta. Ta yi musu wanka, ta ba su magani, ta juya su a gado. Ni ma haka na san ta, sai ranar wani suna a Springfield da na zauna kusa da ita. Mai sa kiɗa ya ƙure sifika, mata na ta rawa, ita kuwa ta haɗe rai ta ƙi ko gyaɗa kai. Na ce lafiya? Ta ce da a garinsu ne, ita za a bar wa filin nan. Na ɗauka cika baki ne, sai da muka fito wurin ajiye motoci ta ja mini baiti ɗaya ƙasa-ƙasa. Wallahi tsigar jikina ta tashi, har na manta inda na ajiye motata.

A Zangon Kumasi aka haife ta. Kakarta zabiya ce, ita ma tun tana budurwa take ba da waƙa a biki, mata na yi mata amshi. Ta sha gaya mini cewa a can makaɗi ba ya shiga gaban zabiya, a bayanta yake tafiya. Idonsa na kan bakinta da kafaɗarta. In ta ja kalma, ya jira ta. In ta hango uwar ango ta shigo, ta cusa sunanta a tsakiyar baiti, shi kuma ya riƙe mata kiɗan har ta gama. In ta ɗaga hannu, ya sassauta. A haka ta girma, har mijinta Abdul-Gafaru ya ci cacar biza, suka sauka a nan Amurka a farkon shekarun dubu biyu. Shi ya kama tuƙin tasi, ita ta kama tsofaffi. Biki a nan kuwa ba mai neman zabiya, mutum ɗaya da kwamfutarsa ya ishi taro.

Cikin tsofaffin da take kula da su akwai wata Ba'amurkiya mai suna Constance, wadda ta daɗe tana kaɗa wa wata ƙungiyar wasan kwaikwayo fiyano. Ƙungiyar ta 'yan sa-kai ce, mutanen unguwa ne masu ayyukansu, suna haɗuwa su shirya wasa irin wanda ake yi da waƙe-waƙe. Wata rana Constance ta ji Sadiatu na waƙa a kicin, ta lallaɓa ta zauna gaban fiyanonta ta bi ta. Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, amma duk inda Sadiatu ta tsaya ita ma sai ta tsaya. Sadiatu ta ce mini ranar sai da ta yi kuka a kan kwanonin wanke-wanke. Constance ce ta koya mata waƙoƙin Turanci, ita ce kuma ta matsa mata ta je gwajin murya idan ƙungiyar za ta ɗauki 'yan wasa.

To, kafin lokacin ya zo, shanyewar ɓarin jiki ta kama Constance, hannun dama ya daina aiki. Ƙungiyar ta nemi wanda zai maye gurbinta ba ta samu ba, sai suka ɗauki kiɗan wasan gaba ɗaya a faifan sidi. Duk mai son gwaji a ba shi kwafi ya je ya koya. Wasan labarin wata kasuwar kifi ne a bakin teku, Sadiatu kuma ta ƙwallafa rai a kan matsayin wata dattijuwa da ɗanta ya tafi kamun kifi bai dawo ba. Waƙa ɗaya tak dattijuwar take da ita, amma ita kaɗai za ta tsaya a tsakiyar dandali ta yi ta. Abin da Sadiatu ke so ke nan, ta sake tsayawa gaban jama'a ita kaɗai ta buɗe baki, ko da sau ɗaya ne.

Ita ba ta tuƙi, don haka motata ta zama wurin koyo. In na taso daga ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki in ɗauko ta, mu hau babban titin 270 cikin cunkoso, in sa faifan. Nan ne na ga ta kaina. Kiɗan zai fara, ita tana gyara ɗankwali, wai ba ta shirya ba. In ta shiga, sai ta samu kalmar da ta yi mata daɗi ta zauna a kai, faifan ya wuce ya bar ta. Sai ta ce in tsayar da shi. Na ce Yaya, ranar gwaji wa zai tsayar miki? Ta ce abin ba shi da kunne ne? Na ce ba shi da shi, roba ce. Ta ce to wanda ya kaɗa a ciki ba shi da tarbiyya. Mun yi faɗa a motar nan har ban san iyaka ba. Akwai ranar da takaici ya sa na wuce hanyar gidanta, sai da muka kusa Germantown na farga. Ita kuwa ko a jikinta, tana can tana ja wa gilashin mota baiti.

Ranar gwajin wata Asabar ce da hantsi, a ɗakin ƙasa na wani ginin taron unguwa. Abin da na fara gani shi ne fiyano a jikin bango, a rufe, an jibga masa kwalayen kayan wasa a kai. Sai da na yi tsaki. Daraktan wasan, wani dogo mai suna Jerome, yana zaune bayan tebur, gefensa wata mata da rediyo mai cin faifai. Ni aka bar ni na tsaya a bakin ƙofa.

Da aka kira Sadiatu ta fito da atamfarta mai ruwan goro, ta tsaya, ta fara gaisuwa. Ai zabiya ba ta faɗa wa mutane da waƙa haka kawai. Ta gaida Jerome, ta tambayi iyalinsa, ta juya ta gaida matar, tana cikin isar da gaisuwar Constance matar ta danna maɓalli. Kiɗa ya yi nisa, Yaya na kan gaisuwa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Jerome ya yi murmushi ya ce a maido mata daga farko.

A karo na biyu ta shiga daidai. Muryar ta fito, ta cika ɗakin nan mai ƙaramin rufi, har masu jiran layi a waje suka daina hira suka leƙo ta kafaɗata. Jerome ya ajiye bironsa. Na ce a raina shi ke nan, mun ci. Sai aka zo wurin da dattijuwar ke kiran sunan ɗanta. Nan Sadiatu ta lumshe ido ta ja sunan, ta ja, ta ƙara ja, yadda duk uwar da ta taɓa rasa wani za ta ja shi. Faifan ya yi gaba abinsa. Ta buɗe ido, ta juya wajen rediyon, ta ɗaga masa hannu wai ya sassauta. Wallahi da idona na gani, ta ɗaga wa rediyo hannu, har da harara. Da ta ga ba ya ji sai ta yi biris da shi, ta ci gaba da waƙarta a kan tata tafiyar, kiɗa na gabas tana yamma. Faifan ya ƙare ya yi shiru, ita da sauran baiti guda. Ta ƙarasa shi ba kiɗa, kuma ni dai a kunnena nan ne waƙar ta fi kyau. Matar da ke danna maɓallin ma sai da ta share ido.

Jerome ya ce tun da yake shirya wasa bai taɓa jin murya irin wannan a ɗakin nan ba. Sannan ya ce ba zai iya ba ta matsayin ba. Na san ba ni aka kira ba, amma na kasa haƙuri na shigo. Na nuna masa fiyanon na ce wannan ado ne? Ya ce ba mai kaɗawa. Na ce to a kashe faifan a wurin waƙarta ta yi da baki, ai kowa ya ji yadda ta yi. Ya ce fitilu, da sauya labule, da shigowar sauran 'yan wasa, duk a kan faifan aka ɗaure su, in ta ƙara numfashi ɗaya kowa zai rikice. Yana magana a hankali, da ladabi, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan, don da ya yi rashin kunya da na samu wurin sauke fushina. Daga ƙarshe ya ce akwai gurbi a cikin 'yan amshi, matan kasuwa masu tsayawa a layin baya, in tana so.

Matar da garin Kumasi ke yi wa amshi, wai ita za a mayar 'yar amshi. Na kama hannunta na ce mu tafi. Ta zare hannun, ta ce wa Jerome ta karɓa, har da godiya.

A mota ban sa faifai ba har muka iso ƙofar gidanta. Na ce Yaya, me ya kai ki?

Ta ce, "Tayyiba, tun da na sauka ƙasar nan ban tsaya gaban mutane na buɗe baki ba. Ko a baya ne, zan tsaya."

Matsayin dattijuwar aka bai wa wata Olive, mai aiki a asibitin haƙori. Muryarta siririya ce, ba ta da laifi ba ta da daɗi, amma ba ta taɓa saɓa wa faifan ba. Sadiatu kuwa ta duƙufa. Ta daina faɗa da ni a mota, ta daina cewa in tsayar. Sai in ga tana buga yatsa a cinya tana ƙirga kiɗa, leɓenta na motsi. Jerome ya yi ta gaya mata ta rage murya, tana danne sauran matan, ta rage. Ya ce ta yanke ƙarshen kalma tare da kowa, ta yanke. Da na ce mata suna lalata mata waƙa, ta ce in bar ta, aiki take koyo. Ni da na yi ta fama da ita ta bi faifai, ranar da ta fara binsa ban ji daɗin komai ba.

An yi wasan wata Lahadi da rana. Na je na ɗauko Constance a keken guragu, aka ba mu wuri a gaba, Abdul-Gafaru ma ya ajiye tasi ya zo da babbar rigarsa. Labule ya buɗe, ga Yaya can a layin baya, riƙe da kwandon kifin roba, ta fi kowa tsayuwa da kyau. Matan kasuwa suka ɗauki waƙa. Na kasa kunne iya kasawa. Bakinta na buɗewa yana rufewa tare da na kowa, amma muryar da ta sa na manta motata ban iya tsinto ta ba. Constance ta jawo hannun rigata da hannunta mai lafiya, ta tambaye ni da maganarta da ta karkace ko Sadiatu mura take yi. Na ce lafiyarta ƙalau.

Da aka gama, Jerome ya tare ni a hanya yana fara'a, wai kin ga yadda ta saje da sauran, ba za ki ce ita ce ta ranar gwaji ba. Na tura keken Constance na wuce shi, don na san in na buɗe baki ba alheri ne zai fito ba. Sai ga Sadiatu ta fito daga bayan dandali tana haki, fuska duk hoda, tana dariya. Ta rungume Constance, ta juyo gare ni.

"Ko sau ɗaya ban kuskure ba. Kin ji ni?"

Na ce, "Na gan ki, Yaya."

Dariyar ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi Constance, sannan ta sunkuya ta kama keken ta ce yamma ta yi, lokacin maganin tsohuwa ya kusa.