Damtsen Malam Idrisa

Shekara talatin da ɗaya, da an idar da sallar asuba Malam Idrisa Harouna yakan hau kekensa daga unguwar Dar es Salam ya gangara gonakin shinkafar Saga, da kwalabe a jaka. Ma'aikacin binciken ƙwari ne, amma ni na daɗe ina ɗaukarsa mutumin da ya rasa abin yi. Ƙaton mutum a durƙushe cikin taɓo, yana bin ƙwaron da bai wuce ƙwayar shinkafa ba: ja da baƙi, fukafukai guntaye, wutsiya a ɗage.

A watan jiya ya ajiye aiki. Wajen walimar da aka yi masa ya naɗe hannun riga zai yi alwala, na ga damtsensa. Tabon ƙuna ne jere, har gwiwar hannu.

Zuwera, wata manomiya da mijinta ya rasu, ita ta ba ni labarin. Wata kaka duk wanda ya taya ta yanka sai ya tashi da ƙuna a wuya, wasu ido a kumbure. Aka ce gonarta ba ta da lafiya, gara ta bar ta, kowa ya gudu. Shinkafa ta nuna tana zuba, ita kuma ba ta da wani abincin.

Malam Idrisa ya ce wa masu yankan, "Ba gonar ba ce. Ƙwaron nan ne kuke marewa kamar sauro. Ba ya cizo, ruwan jikinsa ke ƙonawa. Ku hure shi kawai."

Suka yi masa dariya. Sai ya ɗauki guda, ya murje shi a damtsensa a gabansu. Bayan kwana biyu ya dawo, fata ta tashi ta yi ruwa.

"Ranar aka koma mini yanka," in ji Zuwera.

Na tambaye ta sauran tabon. Ta ce ai ba ita kaɗai ke da gona a bakin kogin Isa ba.

Malam Idrisa, kai ne ka san ba ma yarda sai mun gani, ka ba da fatarka muka gani. Na yi maka dariya, yau kunyarka nake ji. Mun gode, Allah Ya saka. Masu ilimi, ku fito daga ofis ku shiga taɓon.

Zuwera ta aiko masa da shinkafar bana, daga gonar da aka ce ta bari.