Ƙwayar da Aka Mayar Yarinta

Komai daɗewar rai, ba zan manta da ranar da kalma guda ta kusa zautar da yayata a Alƙahira ba.

Lokacin ina karatun Larabci, ina zaune a unguwar Madinat Nasr. Yaya ta zo daga Kano da ɗanta mai sikila, ga ta da ciki har ya fito, ni ce tafinta. Bayan an duba yaron, likita ya nemi ta yarda a ɗebi ɗan jininsa don wani bincike. Ya zubo wani dogon suna, nahawun da nake taƙama da shi bai tsinana mini komai ba. Ita kuwa Yaya, da Larabcinta na Islamiyya, abin da ta tsinta shi ne "janin", wato tayi.

Muna shiga gida ta dafe cikinta ta fashe da kuka. "Wato sai na ba da wannan kafin a ceci wancan?" Ta ce ta fasa maganin, gida za ta koma. Hankalina ya tashi, don yaron ko tsayuwa ba ya iyawa.

Na ruga na kirawo maƙwabciyarmu, wata baiwar Allah 'yar Damagaram da ke digiri na uku a ilimin halittu. Ta sa na maimaita abin da likita ya faɗa, sannan ta zauna a ƙasa kusa da Yaya.

"Ma'alish, yi haƙuri, Hajiya," in ji ta. "Cewa ya yi ƙwayar halitta mai kama da ta tayi. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu ta riga ta koyi sana'a, wannan ta fata, waccan ta jini. Sai mu ɗauki guda mu sa ta manta sana'arta, ta koma kamar yaron da bai san abin da zai zama ba. Daga nan sai a koya mata wata."

Yaya ta share ido. "Yaya sunanta da Hausa?"

Matar ta ce, "Ba a raɗa mata ba tukuna. Mu ce ƙwayar da aka mayar yarinta."

"Cikina fa?"

"Babu mai taɓa shi."

Abin da ya fi burge ni, ba ta yi mana daɗin baki ba. Ta ce wannan bincike ne, ba magani ba, kuma ko Yaya ta ƙi, za a kula da yaron yadda aka tsara. Wallahi ban taɓa ganin ilimi ya durƙusa ya yi wa mutum magana da harshensa haka ba.

Yaya ta fasa tafiya, ta kuma yarda aka ɗebi jinin yaron, ranta fes. Yaron ya samu sauƙi, wancan cikin kuwa yanzu yarinya ce mai surutun tsiya, tana firamare.

Tun ranar na gane cewa ba a gama sanin abu ba sai an iya faɗa wa uwar da ke kuka da kalmomin da za ta gane.