Ranar da Muttaƙa Ya Gai da Baffa

Washegarin Ƙaramar Sallah, a shekarar da na gama firamare, Baffa ya iso gidanmu na Kazaure da hantsi, ya kafe babur ɗinsa a ƙofar gida, ƙafafun wandonsa duk taɓo saboda ruwan da aka kwana ana yi. Baffa yayan mahaifinmu ne, shi ne kuma babba a zuriyarmu tun rasuwar kakanmu, yana zaune a ƙauyenmu na asali da ke bayan Gwiwa. Aka shimfiɗa masa darduma a zaure, Baba ya zauna a ƙasa daga gefe, aka kira mu yara mu zo gaisuwa. Muka tuɓe takalma a bakin ƙofa, muka durƙusa ɗaya bayan ɗaya. Gaisuwar Baffa ba a yi mata gaggawa: zai tambaye ka kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa, mutan gida, karatu, har sai ƙafarka ta sage. Muna cikin haka sai ga ƙanena Muttaƙa, ɗan shekara takwas, ya fito daga cikin gida da takalmansa, ya taka dardumar, ya bi ta gaban Baffa kamar ba kowa a wurin, ya fice ya tsuguna yana juya tayar babur ta baya. Baba ya kira shi, ya sake kira, ko waiwaye bai yi ba. Baffa ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "In an yanke dawa zan zo in tafi da shi. Mata sun sangarta shi. A wurina zai koyi gai da mutane." Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya."

Wanda bai san gidaje irin namu ba zai ce Baba bai damu ba. Ya damu, amma a wurinmu ƙane ba ya musu da yayansa a kan ɗa, domin ɗan ƙaninka ɗanka ne, kuma abin kunya ne a ga uba yana kare ɗan cikinsa a gaban manya. Umma tana bayan ƙofa ta ji komai, miyar ranar kuwa sau biyu ta sha gishiri. Ni kuwa da ma Allah ya yi ni da baki, na bi ta madafa ina cewa wallahi sai na sace iskar babur ɗin. Ta ce, "Ke, kama bakinki, Baffanku ne." Na kama, amma raina ya ɓaci ƙwarai, don na san abin da Baffa bai sani ba. Muttaƙa ba ya cin abinci sai a kwanonsa mai ruwan ɗorawa, ba ya barci sai ya riƙe gefen zanin Umma, kuma in aka daka masa tsawa yakan toshe kunne ya yi ta buga kansa da bango. A ƙauye bulala za a sa masa da kyakkyawar niyya, kuma bulala ba za ta koya masa komai ba.

A lokacin ba mu san sunan abin da ke tare da shi ba. Sai bayan shekaru wata likita a Kano ta gaya mana lalurar otizim ce, wadda wasu ke kira galahanga. Kafin nan kowa da abin da yake faɗa: wannan ya ce iska ce, wancan ya ce miskilanci ne, an yi rubutu an sha, an yi hayaƙi har ɗakin Umma ya koma warin jiƙo. Shi dai Muttaƙa yana nan yadda yake. Da safe in na gama shara da wanke-wanke, na ɗebo ruwa a famfon layinmu, zan tarar da shi a gindin turmi yana jera marafan lemo, ja da ja, kore da kore, kuma duk wanda ya gusar da ɗaya ya jawo wa gidan kuka har azahar. Da yamma mu 'yan mata muna 'yar carafke da gaɗa a ƙofar gida, maza suna langa a fili, shi yana tsaye nesa yana kaɗa hannuwansa. Yana magana, amma ba da mu ba. Sanarwar rediyo yake maimaitawa tiryan-tiryan, har da tarin mai karantawa. Yaran layi suka sa masa suna Rediyo, ni kuma na sha dambe a kan sunan nan, har na taɓa fasa wa wani yaro leɓe a hanyar kai niƙa, ban kuma yi nadama ba.

A daminar nan ce ƙanin Umma, Kawu Sani, ya zo daga Roni karatun kwamfuta a kwalejin garinmu, aka ba shi shagon da ke jikin zaure. Ya zo da wata tsohuwar kwamfuta ta tafi-da-gidanka, batirinta ya mutu, sai an kawo wuta take tashi. In ya gaji da karatu yakan kunna gem ɗin tseren mota. Muttaƙa, wanda ba ya shiga ɗakin kowa, ya fara tsayuwa a bakin ƙofar shagon, bayan 'yan kwanaki ya shiga ya zauna a bayan Kawu, wata rana kuma ya miƙa hannu ya danna. Kawu mutum ne mai sanyin hali, bai kore shi ba, bai kuma dame shi da tambaya ba. Ya kafa masa doka ɗaya tak: in ya yi zagaye ɗaya sai ya tura masa kwamfutar ya ce, "Kai ne," shi ma in ya gama sai ya turo ta ya faɗi haka. An sha kuka kafin dokar ta zauna. Amma wata ranar Asabar ina shanya a tsakar gida na ji muryar Muttaƙa daga shago, a fili, ba muryar rediyo ba, yana cewa, "Kawu, kai ne." Na saki rigar da ke hannuna a ƙasa. Wannan ne karo na farko da na ji ya kira mutum da sunansa don yana son ya gaya masa wani abu.

Daga baya na gane abin da ya sa ya saki jiki da na'urar. Mu mutane yau mu yi dariya, gobe mu ɗaure fuska a kan abu guda, mu ce "zo nan" da murya iri-iri, shi kuma duk wannan rikita shi yake yi. Kwamfuta kuwa ba ta tsawa, ba ta harara, abin da ka danna jiya shi za ta ba ka yau, in ka faɗi ta ce ka sake. A jikinta ya koyi haƙurin jira, don wuta takan ɗauke ana tsakiyar tsere. Da fari ya yi ta birgima, daga baya ya koma zama a bakin ƙofa yana kallon ƙwan fitila har ya kama. A jikinta ya koyi baƙaƙen boko da malamai suka gaji da koya masa da alli, saboda in ka ci tsere sai ka rubuta sunanka, shi kuma ba ya yarda sunan Kawu ya zauna a saman nasa. Kafin a yanke gero ya fi Kawu iya tuƙi nesa ba kusa ba. Sai dai duk wannan ba gaisuwa ba ce, kuma dawa ta riga ta fara fitar da kai a gonakin bayan gari.

Ni ce na kai wa Kawu ƙorafi. Na ce masa motar nan ba za ta hana Baffa tafiya da yaro ba, tunda har yanzu ko Baba ba ya gayarwa. Kawu ya ce in gai da shi yadda ake gai da manya. Na durƙusa na ce ina wuni, ya amsa, ya ce ina gajiya, na amsa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Kin gani? Ni ne, ke ce, ni ne, ke ce. Ai wannan ya riga ya iya." Ya ɗauki hotunan mutan gida da wayarsa, ya naɗi muryoyinmu, ya haɗa wani ɗan gem mai ƙofofi. A kowace ƙofa akwai mutum a zaune. Sai ka danna hoton takalmi a tuɓe, ka danna durƙuso, ka faɗi gaisuwa da bakinka, ka zaɓi amsar duk abin da aka tambaye ka, sannan ƙofa ta buɗe a yi maka tafi. Ƙofar farko Umma ce, gaisuwarta gajeriya. Ta biyu Baba, wanda da ƙyar ya yarda aka naɗi muryarsa, yana cewa wannan wasan yara ne, amma ya sa hularsa mai kyau kafin a ɗauki hoton. Ƙofar ƙarshe Baffa ne, da wani tsohon hotonsa na ɗaurin aure. Tunda babu muryarsa, ni na kumbura wuya na kwaikwaye shi, tun daga kwana har karatu, ban rage ko ɗaya ba. Kawu ya ce wa Muttaƙa wannan shi ne bos, in ka wuce shi ka cinye gem.

Bai daɗe ba ya cinye. Abin da ya ba mu wahala shi ne fito da gaisuwar daga cikin kwamfuta zuwa tsakar gida. Sai Kawu ya ce ai gem ɗin yana da kashi na biyu, wanda ake yi da mutanen gaske, kuma sai an ci shi ake kunna mota. Wata safiya Umma tana dama koko, Muttaƙa ya zo ya tuɓe silifas, ya durƙusa, idonsa a kan ludayi, ya ce, "Umma, ina kwana." Umma ta amsa da wata murya da ban san ta da ita ba, ta tambaye shi gajiya, ya ce babu gajiya, ya miƙe ya tafi abinsa. Kokon ranar ya yi gudaji, muka sha a haka.

Baffa ya cika alkawari. Bayan an yanke dawa ya zo wata ranar Juma'a da buhun gyaɗa a bayan babur, ya ce a haɗa wa yaro kayansa kafin a sauko daga masallaci. Umma ta ƙulle kayan a ɗankwali har da kwanon nan. Muka gaisa muka koma gefe. Muttaƙa ya fito, ya tsaya a bakin zaure, ya kalli Baffa daga hula zuwa ƙafa, na tabbata hoton yake gwadawa. Sai ya tuɓe takalmansa ya jera su, ya durƙusa, ya ce, "Baffa, ina kwana." Mamaki ya kama Baffa har ya manta da al'adarsa, ya ce "Lafiya lau" kawai ya yi shiru. Muttaƙa bai tashi ba. Ya jira, ya jira, sannan ya ce, "Baffa, kai ne. Saura gajiya." Baba ya kau da kai yana danne dariya. Mutumin da duk zuriya ke tsoron tsawon gaisuwarsa, yau shi aka kama da rage gaisuwa. Baffa ya gyara zama ya ɗauko ta daga tushe, gajiya, sanyi, mutan gida, karatu, Muttaƙa yana amsawa ɗaya bayan ɗaya ba tuntuɓe.

Sai Baffa ya yi tambayar da ba ta cikin gem. Ya ce, "To, za ka bi ni ƙauye?" Wannan kam ban taɓa naɗar ta ba. Muttaƙa ya fara kaɗa hannuwa, ya daɗe yana kallon darduma, har na fid da rai. Can ya ce, "Akwai wuta?" Baffa ya ce babu. Ya ce, "Akwai Umma?" Baffa ya ce Umma tana nan gida. Muttaƙa ya ce, "To ba zan je ba. Na gode." Ya miƙe ya sa takalmansa ya shige shagon Kawu. Baffa ya bi shi da kallo, ya shafa gemunsa, ya juya ga Baba ya ce, "Yaron da ya gai da ni, ya kuma gaya mini gaskiya a gabana, me zan koya masa? A kwance kayan." Ban jira an sallame ni ba, na ruga cikin gida ba takalmi, na tarar Umma ta riga ta ji, tana zaune a kan turmi da ƙullin a cinyarta, tana dariya hawaye na zuba. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ko ranar aurena.

Muttaƙa bai zama wani mutum daban ba. Har yau ba ya son hayaniya, ba ya zuwa gidan biki, kuma in ya fara bayanin kwamfuta sai ka nemi hanyar gudu. Amma yana da ɗan shagonsa, a ɗakin da Kawu ya zauna, yana gyaran kwamfuta da waya, ɗaliban kwaleji suna layi a ƙofarsa. Baffa ya rasu, Baba ma ya bi shi, Allah ya ji ƙansu. Yanzu gaisuwa ta koma 'yan baƙaƙe a waya, yara suna wuce manya da ɗaga hannu, ni kaina sai in yi sati ban durƙusa wa kowa ba, kuma nakan yi kewar zauren nan da dardumarsa. Mu da muka iya gaisuwa tun muna ƙanana duk mun watse, ni ina Babura da aure, sauran suna Kano da Dutse. Umma ta tsufa, idonta ya yi rauni, kuma kullum da safe akwai mai tuɓe takalmi a ƙofar ɗakinta ya durƙusa ya tambaye ta kwana, ba ya tashi sai sun kai ƙarshe. Wanda aka zo ɗauka, shi kaɗai ya rage mata a gidan.