Inda Muke Tsayar da Kwalekwale

Mahaifina bai taɓa yarda ɗansa ya kwana a wani gari ba. Ko biki aka yi a Tudun Wada, sai ka dawo kafin magariba. In ka makara za ka iske shi a ƙofar gida yana kallon hanya, ba zai ce maka uffan ba, amma da ka gwammace ya zage ka. Mutane na cewa hatsarin mota yake tsoro. Ni da na tashi a gabansa na san ba shi ba ne. Yana saurayi aka tashe su daga garinsu saboda madatsar Tiga, aka loda su a manyan motoci da ƙyauren ɗakunansu da azara, aka sauke su a wani fili a ƙasar Bebeji aka ce ga gida nan. Tun daga ranar ya sa a ransa cewa duk wurin da ka juya wa baya, ba lallai ne ka dawo ka same shi ba.

Sai Allah Ya jarrabe shi da ni. Tun ina ƙarami ƙafata ke ƙaiƙayi. Idan na kai tumatir Kwanar Dangora, ina gama ciniki sai in koma gefen masu shayi in zuba wa tireloli ido, ina sauraron direbobin da suka je Kwatano da Akara suna labarin ruwan da ba a hango ƙarshensa, kuma ba ya shayuwa. Ni duk ruwan da na sani shi ne wanda ya cinye garin ubana. Ba kuɗi nake son in je nema ba, wannan ne abin da kowa ya kasa fahimta. So nake kawai in ga duniya, in daɗe ina ganinta, in tashi daga wannan gari in shiga wancan har sai raina ya ce ya ishe shi.

Amma na kusa shekara arba'in ban je ko'ina ba, kuma ba Baba ne ya ɗaure ni ba, tsoro ne. Matata ta rasu ba mu haihu ba, ban sake aure ba, don haka ba ni da hujjar iyali. Abin da na mallaka kaf injin ban ruwa ne da tiyonsa, shi ke ciyar da mu da rani, ni da Baba da yayata wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. In na sayar da shi na yi fasfo da guziri, me za su ci? In kuɗin ya ƙare mini a ƙasar da ban san yadda ake cewa ina jin yunwa ba fa? Kowace shekara sai in ce baɗi, in tumatir ya yi kuɗi. Tumatir kuwa kun san halinsa, shekarar da ya yi kyau ba ya kuɗi, shekarar da ya yi kuɗi tsutsa ta riga ka.

Akwai kuma wani abu da ya fi injin nauyi. Kabarin kakata, mahaifiyar Baba, yana ƙarƙashin ruwa. Duk shekara bayan girbi nakan tuƙa shi a kwalekwale mu je mu yi mata addu'a. A tsakiyar ruwa babu alama, amma Baba yana da tasa. Akwai wata busasshiyar bishiyar kirya da ta rage a tsaye, kanta a waje, a da ita ce a bakin maƙabartar garin. Za ka yi ta tuƙi har kiryar ta zo daidai da tsagar wani dutse da ke can gaɓar yamma, ta rufe ta. Da ta rufe sai Baba ya ɗaga hannu, in tsayar da filafili. Nan ne. Da idonsa ya fara rauni sai aikin ya dawo kaina, ni nake auna kirya da dutse in ce masa mun iso. Ya so ya nuna wa yayata, amma ita ko a bakin ruwa ba ta son tsayawa. 'Yan'uwansa da suka san wurin duk sun rasu, wasu kuma tuntuni suka watsu zuwa Kiru da Doguwa.

Wata shekara ruwa ya ja baya irin jan da ban taɓa gani ba, har gefen tsohon garin ya fito. Maƙabartar tana kwari, ita ba ta fito ba, amma unguwar su Baba ta bayyana, laka ce tsattsage da ƙwanson kifi da fasassun tukwane. Na riƙe hannunsa muka taka. Ya yi ta laluben ƙasa da sandarsa har ya ci karo da dutsen niƙa, ya durƙusa ya shafa shi, ya ce na gidansu ne. Ya sa ni na bi sawun katangar ina faɗa masa inda ta tsaya. Ban daɗe ina tafiya ba na dawo inda na fara.

"Shi ke nan?" in ji shi.

"Shi ke nan, Baba."

Na zaci kuka zai yi, sai na ji ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ashe ɗan mitsitsi ne. Ka san ina saurayi wasu fatake sun so su tafi da ni gabas? Na ƙi, na ce wa zai kula da gida. Na zauna don kada in rasa gida, gidan ya tafi ya bar ni." Ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina. "Kai kuma me kake gadi?"

Na ce masa injin. Na ce masa kabari.

"Inji ƙarfe ne, yayarka tana da hannu, gonar a ba da ita haya. Kabari kuwa kirya tana nan, ta girme ni, za ta kuma ga bayana. Ka je, in ka dawo ka ci gaba da ziyartar kakarka."

Yayata ba ta ɗauki maganar da sauƙi ba. Ranar da mai sayen inji ya zo ya ɗora shi a bayan babur, tana tsakar gida tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai da ya tafi ta ce, "Mutane na tafiya neman abinci, kai ka sayar da abinci za ka tafi kallo. Allah Ya ba da sa'a, sarkin yawo." Na raba kuɗin na ba ta nata, ta karɓa ba godiya, kuma ban ga laifinta ba.

A Kwanar Dangora na hau mota cike da tsoro. Tsoron bai sake ni ba sai da abin da nake tsoro ya same ni. Guzirina ya ƙare a bakin teku a Gana, na kwana biyu ba abin kirki a cikina, na zauna ina kallon masunta suna ɗinkin koma. Na ga ƙullinsu bai fi wanda muke yi a bakin ruwan Tiga ba. Na karɓi allura na nuna musu da hannu, da yamma suka ba ni kifi da dokunu, tuwon masararsu mai tsami. Daga nan na gane cewa duk inda ake kamun kifi akwai yagaggiyar koma da mataccen inji, ni kuwa na iya duka biyun. Haka na bi gaɓar teku, gari bayan gari, Abidjan, Konakiri, Dakar. Na kwana a zango wurin Hausawa, na kwana a masallaci, na kwana a cikin jirgin da aka kife. An yi mini sata, zazzaɓi ya kusa kashe ni a ɗakin da ba wanda ya san sunan garinmu. Kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ranar da na fara tsayawa a gaban teku na ɗanɗana gishirinsa, na yi dariya ni kaɗai har yara suka taru suna kallona.

Nakan kira gida, in aika da ɗan abin da ya samu. Baba tambayarsa ɗaya ce kullum: "Ruwan can, akwai gari a ƙarƙashinsa?" In ce masa ban sani ba. Ya ce to in tambaya.

Ina Muritaniya, da hantsi, ina kwance injin wani jirgi, saƙon muryar yayata ya shigo. Ba ta yi dogon bayani ba. Baba ya rasu da asuba, har an kai shi. Na zauna a kan yashi hannuna duk baƙin mai, na rasa wanda zan faɗa wa da Hausa. Na yi baƙin ciki irin wanda ban san akwai shi ba, amma ban juyo ba a lokacin, don babu abin da zan tarar sai ƙasa a tare. Na ci gaba da tafiya har shekaru suka ƙaru, na ga Masar, na ga Mombasa.

Da na dawo, bayan girbi ne. Na je kabarin Baba, shi kam yana kan tudu, da alamarsa. Washegari na ari kwalekwale na nufi wurin kakata. Dutsen yana nan da tsagarsa. Na duba inda kirya take, ruwa ne shimfiɗe. Na ce ko idona ne, na zaga, na koma, na sake zagawa. Wasu masunta baƙi da suka kafa bukkoki a gaɓar suka ce ai sun san ta, wata shekara da ruwa ya yi ƙasa suka sare ta suka yi bandar kifi da ita. Icce mai kyau, in ji su, ya daɗe yana ci. Ban yi musu faɗa ba. A wurinsu busasshen icce ne a cikin ruwa, wa ya faɗa musu?

Na koma tsakiya na yi ta tuƙi ina kallon tsagar dutsen, amma daga ko'ina ka tsaya tana nan yadda take, babu abin da zai rufe ta. Da rana ta yi zafi na tsayar da filafili a wani wuri na yi addu'a, ban sani ba ko a kan maƙabarta nake, ko a kan kasuwa, ko gonar wani.

Na iske yayata a tsakar gida, ta tsufa fiye da yadda muryarta ke nunawa a waya. Ta turo mini kwanon abinci.

"Ka samu wurin?"

"Ban samu ba, Yaya. An sare kiryar."

Ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Har ranar da zai rasu yana cewa ba komai, kai ka san wurin."