Kwikwiyo a But, Inna a Gaba

Ban taɓa sha'awar kare ba sai da ɓarayi suka tsallaka katangar gidana a Kado sau biyu cikin wata guda. Karon farko suka ɗauke janareta. Karo na biyu suka dawo suka kwashe wayar janaretan da jarkar mai, wato sun je gida sun tuna sun yi mantuwa. Lokacin nan Abuja na tashen kuɗi, soja sun koma bariki, an ƙara albashi, duk inda ka juya tifa ce ke juye yashi. Ni ma ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, na sayi mota 'yar Kwatano mai esi, ina tafe ina hura hanci kamar gobe za a ba ni darakta.

A ofishinmu akwai wata madam 'yar Filato da ke zaune a Gwagwalada, karyarta ba ta daɗe da haihuwa ba. Da ta ji abin da ya same ni sai ta ce, "Oga, zo ka ɗauki guda ɗaya. Kare ya fi maigadi. Ba ta barci, kuma ba ya cewa zai je gida yin Sallah." Matata ta yarda, da sharaɗin ba zai taka mata falo ba. Saura mutum ɗaya, kuma ita ce ban iya tunkara ba: mahaifiyata, Inna, wadda ta zo daga gida ta zauna wurinmu don a duba mata gwiwa.

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. "Kai wannan" nake, har da furfurata. Mahaifina malami ne, gidanmu gidan malamai, a nan na tashi ina jin cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Ita kuwa Inna kullum carbi na hannunta, ko ƙadangare ta gani a kan darduma sai ta sake wanke ta. Saboda haka ban tambaye ta ba. Na yanke mata hukunci da kaina cewa ba za ta yarda ba, na kuma shirya dabara: in shigo da kwikwiyon a ɓoye, in kai shi bayan gida, ranar da ta gan shi in ce na maƙwabta ne ya shigo ta ƙarƙashin get. Digiri biyu gare ni, amma iyakar wayon da na iya haɗawa ke nan.

Sai aka yi rashin dace, ranar da likita ya ba Inna a Gwagwalada ita ce rana ta ƙarshe kafin madam ta tafi hutu garinsu. Na ajiye Inna a layin ganin likita, na ce zan je in sha mai, na zarce gidan madam.

Kwikwiyon ɗan mitsitsi ne, ja-ja, da baƙin baki da ƙaton ciki. Madam ta sa shi a kwali, ta shimfiɗa masa wani tsohon tawul da uwarsa ke kwanciya a kai, ta ce warin uwar zai kwantar masa da hankali. Ta ce ba ta ba shi abinci ba tun safe don kada ya yi amai. Ta ce in ajiye kwalin a ƙasan kujerar baya inda ba zai zame ba, in kunna esi, in tsaya a hanya in ba shi ruwa. Har na tayar da mota ta biyo ni ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Oga, kar ka sa shi a but fa. Zafi zai kashe ta."

"Haba madam, ni yaro ne?"

Ina shan kwana na tsaya, na huda kwalin wuri biyar da makullin mota, na buɗe but na saka shi kusa da safayar taya. Na ce a raina, tafiyar da ba ta fi awa guda ba, me zai same shi? Bazara ce, rana ta take tsaka, ko murfin but ɗin sai da ya ƙona mini tafin hannu. Na ji zafin sarai, na yarfe hannu na rufe.

Na koma asibiti, Inna ta shigo gaba da butarta da ledar magani, ta yi bismillah, ta ja carbi. Ba mu fita daga gari ba na ji shi: "iii, iii," siriri, daga can baya. Na yi tari. Ya sake. Na sake tari har da bugun ƙirji. Da na ga tarin ba zai kai mu Giri ba, sai na lalubo wani kaset ɗin wa'azi na danna, na murɗa murya har ƙarshe. Malam na ta bayani a kan hisabi da yadda gaɓoɓin mutum za su ba da shaida a kansa, ni kuwa gumi na bin bayana duk da esi. Duk inda malam ya tsaya jan numfashi, sai kwikwiyo ya cike gurbin.

Can Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kai wannan, malamin nan naka a gidan masu kare aka ɗauki karatunsa?"

"Ƙila kaset ɗin ne ya tsufa, Inna."

"To," in ji ta. Ta ci gaba da jan carbi.

Wallahi har daɗi na ji, na ce tsohuwa ta hau. Muka bar Giri muka hau hanyar filin jirgi, a nan muka tarar da gosulo. Ana aikin faɗaɗa titi, an matse motoci a hannu ɗaya, tifofi a gaba, tifofi a baya. Mu matsa taku uku, mu tsaya. Kukan bayan ya koma wani irin nishi, sannan ya riƙa zuwa jefi-jefi, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Ni sakarai sai na yi ajiyar zuciya, na ce ya yi barci, har na rage muryar malam.

Inna ta daina jan carbi. Ta karkata kai tana saurare.

"Sauka gefe."

"Inna, nan ba wurin tsayawa ba ne, ga gosulo, in muka fita daga layi—"

"Na ce ka sauka gefe! Abin da ka ɓoye ya yi shiru."

Na karya sitiyari na sauka kan jar ƙasa, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, direbobi na ta danna mini hon. Matar da tun safe nake riƙe wa hannu tana hawa mataki ɗai-ɗai, kafin in kashe mota ta isa bayanta tana dukan but da tafin hannu. Na buɗe. Wani huci ya daki fuskata kamar an buɗe tanda. Kwikwiyon na kwance a gefe guda, harshe a waje, ido a kafe, cikinsa na ɗagawa sama-sama. Ya yi kashi ya yi amai a kan tawul ɗin. Na taɓa shi da yatsa, bai motsa ba.

"Innalillahi," na ce. "Ya mutu."

"Ubanka ne ya mutu," in ji Inna, kuma gaskiya ta faɗa, don ya daɗe da rasuwa. "Matsa ka ba ni wuri."

Ta sa hannu biyu ta ɗauko shi, da ƙazantar da komai, ta durƙusa a inuwa a kan gwiwar da likita ya gama gargaɗinta a kai. Ta ce in miƙo buta. Butar alwalarta ce, na tsaya ina kallonta. Ta daka mini tsawa na miƙa. Na yi zaton za ta kwarara masa ruwan a ka, har na ce ko in nemo mai sanyi wurin masu talla. Ta ce ruwan sanyi yanzu shi zai ƙarasa shi. Ta riƙa jiƙa hannu tana shafa masa a ciki da hammata da tafin ƙafafu da bayan kunne. Ta buɗe bakinsa ta duba dasashi, ta ɗiga masa ruwa a gefen harshe, ɗigo-ɗigo, don kada ya shaƙe. Ta ce in cire hula in yi masa fifita. Haka na tsuguna a bakin titin filin jirgi, babban ma'aikacin gwamnatin tarayya, ina yi wa kare fifita da hular zanna. Wani kwandasta ya leƙo daga bas ya ce, "Oga, Allah ya ba mai gida lafiya!"

Ban ko ɗaga kai ba. Tsoro nake ji na gaske. Rai ne aka ba ni amana da safe, lafiyarsa lau, ni na rufe shi a cikin ƙarfe da hannuna don kada a yi mini faɗa.

"Tun a ƙofar asibiti na ji shi," in ji Inna tana shafa shi. "Na yi shiru in ga ko za ka buɗe baki ka faɗa. Ka ƙi, ni ma na ƙi. Girman kai ya haɗa mu. In ya mutu, alhakinsa a wuyanmu mu biyu."

Mun fi rabin awa a wurin kafin ya haɗiye ruwan da kansa. Ya lumshe ido, ya buɗe. Inna ta yar da tawul ɗin, ta kwance ɗankwalin da ke ƙarƙashin mayafinta ta jiƙa, ta shimfiɗa a ƙasan kujerar baya, ta kwantar da shi, ta shiga ta zauna ta sa shi tsakanin ƙafafunta don kada ya gangara in na taka birki. Ta ce in kunna esi kaɗan, in bi a hankali, kuma in na sake kunna malamin nan sai ta jefar da shi ta taga.

Muka koma layi. Mun kusa Lugbe kafin in sami bakin magana.

"Inna, a ina kika iya wannan?"

Ta ce mahaifinta mafarauci ne. Ni abin da na sani, kakana manomi ne, ya rasu kafin a haife ni. Ta ce manomi ne da damina, da rani kuwa daji yake shiga da karnukansa, kuma ita ce mai dama musu dusa, ita ke cire musu kaska, ita ke jiƙa su in sun dawo a galabaice. Da aka kawo ta gidan malamai, dangin mahaifina suka sa mata suna 'yar masu karnuka, har akwai wadda ba ta shan ruwa a kofin da ta sha. Sai ta kama bakinta ta kama carbi, ba ta ƙara ambaton kare ba har yau.

"Su dai ba su san ni ba, ban damu ba," in ji ta. "Amma kai da na haifa, ka zauna ka lissafa cewa na fi son ka kashe rai da in ga kare. Wa ya gaya maka haka nake?"

Na riƙe sitiyari da hannu biyu ina kallon titi, kunya ta hana ni ko duba madubi. Muka wuce Utako, muka shiga Kado, ina tafiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, 'yan tasi na zagina suna wucewa.

Matata ta buɗe get, ta ga surukarta ta fito daga baya rungume da kwikwiyo, ta dube ni, ta dubi Inna, ta rasa wanda za ta fara yi wa sannu. Inna ta ce kada kowa ya yi murna tukuna. Ta ce a ajiye shi a ƙasa a inuwa. In ya tashi da ƙafarsa ya yi fitsari, to ya sha, in kuwa bai tashi ba, in juya mota yanzu in nemi likitan dabbobi, sauran kuma sai addu'a. Ta ajiye shi kusa da famfo. Muka kewaye shi mu uku, manya da hankalinmu, mun zuba wa gindin kare ido.

Ya kwanta yadda aka ajiye shi. Na kira shi da "kis-kis" kamar kyanwa, ko kunne bai kaɗa ba. Matata ta tafa hannu, shiru. Na fara lalubar makulli a aljihu.

Sai Inna ta miƙa wa matata carbinta ta ce ta riƙe mata. Ta sa yatsu biyu a baki ta yi fito. Fito sosai, mai kaifi, mai hawa da sauka, irin wanda ake jiyowa daga tsallaken fadama. Matar da ta taɓa fasa mini baki ina yaro don na yi fito a tsakar gida, ta ce kiran shaiɗan ne.

Kwikwiyon ya ɗaga kai. Ya turje da ƙafafun gaba, ya faɗi, ya sake turjewa, ya miƙe yana tangaɗi. Ya tako ya wuce ni, ya wuce matata, ya isa gaban Inna, ya tsuguna ya saki fitsari a kan silifas ɗinta. Ba ta janye ƙafar ba. Dariya take yi, hawaye na zubo mata, tana kiransa da wani suna da ban taɓa ji ba, sunan wani kare da ya mutu tun kafin a yi mata aure.