Lambobin da Ogana Ya Jera Mini

Shekarun baya can, ina saurayi ina aikin kafinta a kasuwar Katako, na taɓa rantsewa cewa na gano sirrin cacar ful. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu ita nake yi.

Ga wanda bai riski zamanin ba, takarda ake ba ka mai jerin lambobi, kowace lamba wasan ƙwallo ne a Ingila, kai kuma ka canki waɗanda za a tashi canjaras ran Asabar. Abokina, wani direban tasi da ke lodi a Tina Junction, shi ya fara nuna mini. Da fari ko kwabo ban sa ba, don na san caca ce, na kuma san hukuncinta. Abin da ya ɗaure mini kai kawai shi ne, me ya sa wasu lambobin ke yawan dawowa?

Sai na fara rubutawa. To kun san kafinta ba ya neman takarda, ga fensir a bayan kunne, ga guntayen katako a ƙasa. Duk Litinin sai in ɗauki guntu ɗaya in rubuta lambobin da suka fito, in jingina shi bayan na makon jiya a lungun shago. Kwanan wata? Wane kafinta ne ke rubuta kwanan wata a jikin katako!

Da suka kai wajen talatin, wata Laraba na shimfiɗa su a ƙasa bi da bi yadda na same su. Kai jama'a! Duk inda bakwai ta fito, guntun da ke bin ta sai ka ga sha tara da ashirin da uku tare. Har sau huɗu. Ga shi kuma Asabar ɗin da ta wuce bakwai ta fito. Na kira abokina, ya tsuguna ya duba, ya riƙe kai.

"Abokina, wannan shi ne banka, ba ya faɗuwa! Ka sa kuɗi mai nauyi, kar ka yi wasa."

Kuɗi mai nauyi kuwa babu. Abu ɗaya na mallaka mai daraja, akwatin kayan aikin da mahaifina ya rasu ya bar mini. Washegari na sayar wa wani kafinta daga Bukuru, ina ce wa kaina ai Litinin zan fanso shi har da ƙari.

Ran Juma'a da safe na sake shimfiɗa guntayena in ƙara tabbatarwa kafin in kai kuɗin. Sai ga ogana, mai shagon, ya shigo.

"Kai, har ka sake watsa mini su? Wancan makon fa na jera su."

Na ce, "Oga, ka jera? Ta yaya?"

"Ta yaya ake jera katako? Gajere a gaba, dogo a baya mana."

Na dubi ƙasa. Wallahi kuwa, ga su nan daga ƙarami zuwa babba, tsaf. Ashe ba makonni nake karantawa ba, tsawon katako nake karantawa.

Duk da haka ban haƙura ba, taurin kai gare ni. Na je na karɓo tsofaffin takardun ful da abokina ke tarawa a mota, na mayar da kowane guntu makonsa. Maganar bakwai ta watse. Amma me? Sai ga biyar tana jan sha ɗaya, sau uku, kyakkyawa kamar ta farko. Na cakuɗa su da gangan na sake jerawa, na kuma samo wata. Nan ne tsoron kaina ya kama ni.

Ana saukowa daga masallaci na hau mota sai Bukuru. Kafintan mutumin kirki ne, ya karɓi kuɗinsa ya miƙo mini akwati. Sai dai zarton mahaifina ba ya ciki, ya riga ya ba ƙanensa, ƙanen kuwa ya tafi aiki Lafiya tun da asuba, babu ranar dawowa.

Ban ɓoye wa mahaifiyata ba. Ta buɗe akwatin, ta taɓa guduma, ta taɓa sauran. Can ta ce, "Da zarton nan babanka ya yi gadon da na haife ka a kai." Ta rufe ta tashi. Da ma faɗa ta yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Kada ku tambaye ni ko sha tara ta fito, ran Asabar ɗin ban kunna rediyo na ji sakamako ba. Har yau abin na ba ni mamaki, yadda ido ke samo tsari a duk inda zuciya ta aike shi nema. Na sayi zartuna da yawa tun daga lokacin, wasu ma sun fi shi kaifi. Amma har ta koma ga Allah, mahaifiyata ba ta sake tambayata yaya aiki ba.